Duk Huɗun Nawa Ne

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Yau Malam Zayyanu ya yi darasi da shekaruna a gaban yara goma waɗanda duk na isa in haife su. Shi ne mai koya mana ƙididdiga a wannan kwas na ƙarshen mako da na shiga nan Bodinga don a ƙara mini matsayi a ɗakin kati na asibiti. Ya ce kowa ya faɗi shekarunsa. Wannan sha tara, wancan ashirin, aka zo kaina na ce arba'in da ɗaya, duk suka juyo suna kallona kamar na faɗi abin kunya. Na ce to mene ne, gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi.

Ya tara na yaran goma ya raba gida goma, ya fito ashirin cif. Ya ce wannan shi ne matsakaici. Sai ya zuba nawa a ciki ya raba gida sha ɗaya, ya tashi kusan ashirin da biyu. Wai ni kaɗai na tsofar da aji da shekara biyu. Suka yi ta dariya, har da wata mai taunar cingam da ba ta taɓa gaishe ni ba tunda muka fara. Daga nan ya jera mu gaban allo daga ƙarami zuwa babba, ya nuna wanda ya tsaya a tsakiya, ya ce shekarun wannan su ne na tsakiya, ko shekarata ɗari ce ba zai gusa daga wurinsa ba. Wanda ya fi yawan fitowa kuwa sha tara ne, mutum huɗu. Na gane duka ukun, kuma na ji daɗi, don rabona da zama a aji tun ina sakandare a Shagari.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan azahar

An ba mu aikin gida. Kowa ya samo alƙaluma na gaske daga gidansu, ya tsara su, ya yi musu zanen ginshiƙai, dogo da gajere. Yara suna ta cewa za su ƙirga takalma da buhunan shinkafa. Ni shanu na zaɓa.

Garkenmu yana Horo Birni a hannun Yaya Bilyaminu. Lokacin da Inna ta rasu, shekara uku ke nan, kai talatin ne a ciki. Biyar rabona ne na gadonta, sauran nasa, na gado da na guminsa. Na bar su a wurinsa don ni ban iya kiwo ba, kuma wa ya fi shi. Huɗu daga cikin nawa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, saura Kyalla. Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Zan tambaye shi nawa ake haifa a garken kowace shekara, nawa ke mutuwa, in zana. Na san zai ji daɗi, shi da ke yi wa mutanen ƙauye alfahari da cewa autarsu ta koma makaranta.

Laraba, 10 ga Satumba, da yamma

Na kira. Yaya yana gona, ya bar wayar a gida, matarsa Bilki ta ɗauka. Muka gaisa, na ce aikin makaranta ne, ko ta san shanu nawa suka mutu a garken tun rasuwar Inna. Ta ce huɗu mana. Na ce a'a, ba nawa kaɗai ba, duka garken. Ta ce ai su ke nan.

"Wallahi Hasiya yayanki hannunai na da albarka," in ji ta. "Shekara ukku ga mu, ko guda cikin nashi ba ta hwaɗi ba. Ke ɗai ta Allah yaj jarraba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, tana yabon mijinta. Na ce madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Na rubuta huɗu a takarda. Miyar da na ɗora ta ƙone ina tsaye a kanta.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Ban zana komai ba.

Asabar, 13 ga Satumba, dab da magariba

Darasin yau yiwuwa ne, wato auna yadda abu kan iya faruwa bisa katari. Malam ya zo da ƙwarya da wake, fari da ja. Ya ce a rufe ido a ɗauko ɗaya. In fari tara ne ja ɗaya, za ka iya ɗauko jan, amma in ka yi ta yi, kusan sau ɗaya cikin goma ne zai zo hannunka. Yara suka mai da abin wasa. Ni ban ɗaga hannu ba ko sau ɗaya, har ya tambaya ko lafiya.

Da na dawo gida na ɗauko ƙwaryar awo. Fari ashirin da biyar, ja biyar. Na rufe da kallabi, na girgiza, na sa hannu na ɗebo huɗu. Fari, fari, fari, ja. Na mayar na girgiza. Fari duka. Na mayar. Haka na yi ta yi tun bayan azahar, ƙafata ta yi tsami a kan tabarma. Yawanci ja ɗaya ne ko babu. Biyu kan zo jefi-jefi. Uku sun zo sau ɗaya tak, na yi murna kamar an yi mini bushara, na ce to ga shi ana kusa. Huɗu ba su zo ba.

So nake su zo. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kaina, mace da 'ya'yanta zaune tana roƙon wake.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Na jira yara suka watse na sami Malam. Na ce tambaya ce a kan wake: talatin, biyar ja, a ɗebo huɗu ido rufe, duk su fito ja. Ya juya ga allo. Na farko biyar cikin talatin, na biyu huɗu cikin ashirin da tara, na uku uku cikin ashirin da takwas, na huɗu biyu cikin ashirin da bakwai. Ya ninka su. Ya ce sau ɗaya cikin dubu biyar da ɗari huɗu da tamanin da ɗaya.

Na ce ke nan yana faruwa. Ya ce yana faruwa, amma kada in zauna jiransa.

Sai ya ajiye alli ya dube ni. Yaro ne, bai fi talatin ba, amma ba wawa ba ne. Ya ce, "Malama Hasiya, in ba wake na ba, ki yi hattara. Wake duk ɗai suke cikin ƙwarya. In mutane na ko dabbobi, sai an duba ko jajayen na da wani abu da ad daban, tsuhwa, ko ciwon gado, ko wurin kwana. Ƙididdiga ba ta kama ɓarawo. Iyakarta ta ce maki wanga abu, in katari na, to katari na mai wuya."

Ni ban ce ɓarawo ba. Shi ya faɗa. Ban ce ba, kuma ba zan rubuta ba.

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Babu marasa lafiya da yawa yau, ina zaune ɗakin kati ina neman abin da ya bambanta shanuna da na Yaya. Da gaske nake nema, kamar mai neman allura a tsakar gida.

Tsufa. Cikin huɗun da suka mutu, wadda muke ce wa Ja ce kaɗai za a kira tsohuwa. Guntuwa da Baƙa haihuwa bibbiyu suka yi, Amarya kuwa karsana ce ko ɗa ba ta yi ba. Shi yana da tsofaffi da suka girmi Ja, suna nan suna tuƙa.

Ciwon gado. Wannan na riƙe shi da hannu biyu, don uku daga cikinsu uwarsu ɗaya. To amma ba ciwo ɗaya ya kashe su ba. Ja maciji ne ya sare ta. Guntuwa leda ta haɗiya. Baƙa gyauron dawa ta ci cikinta ya kumbura. Amarya rami ta faɗa ta karye. Wane irin gado ne ke kiran maciji, ya kira leda, ya kuma haƙa rami?

Kuma duk hanyarsu ɗaya. Sai ya kira ya ce, Auta, wance kwana biyu ba ta jin daɗi. In ce Allah ya sawwaƙe. Bayan 'yan kwanaki ya kira da muryar ta'aziyya. Har maciji ma sai da ya ba da sanarwa.

A gidanmu, in dabbar wani ta mutu a hannunka, fatarta kake kai masa, ko kunnen da ke da shaida. Haka na ga Baba yana yi wa mutanen Lambara da ke kawo masa kiwo. Da Ja ta mutu Yaya ya ce zai aiko da fata, ni da bakina na ce haba Yaya, ciki ɗaya kuma sai da fata? Na ji kunya a madadinsa. Bai sake ambata ba, a ta biyu, da ta uku, da ta huɗu.

Saura wurin kwana. Wataƙila daban yake ɗaure su. Allah ya sa daban yake ɗaure su.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na gaya wa maigidana, Baban Sumayya. Na yi zaton zai ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in samu abin da zan yi faɗa da shi in huce. Yana cin tuwo bai ko ɗago ba. Ya ce shi tun ta biyu ya daina yi mini jaje da zuciya ɗaya.

Na ce me ya hana ka magana? Ya ce yayana ne, wanda ya tsaya mini matsayin uba ranar ɗaurin aure, in shi ya fara faɗa da yanzu ina Horo Birni na yi yaji. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Shekara biyu ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ke kallona ina kukan saniya, ya san abin da ya sani, yana miƙo mini ruwa. Shawararsa in bar maganar, zumunci ya fi saniya. Na ce to ya je ya gaya wa Yaya haka.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Ban je aji ba. Malam ya riƙe wakensa.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan azahar

Yau ma ban je ba. Wanki na yi, har da wanda bai yi datti ba.

Baba ya rasu ina aji uku na firamare. Kawunnai suka ce karatun mace ya isa haka. Yaya yana da shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya gabansu, ya cire hula, ya ce su yi masa rai, wannan yarinya ba za ta zauna ba. Da keke yake kai ni Shagari, in an yi ruwa ya saɓa keken a kafaɗa ni kuma ya riƙe hannuna mu ƙetare. Ranar da na ci jarrabawa zakara ya yanka, ya ba ni cinyoyin duka biyu, ya ci wuya.

Wannan mutumin nake aunawa da wake. In na yi kuskure, ina zan sa kaina ranar da za mu tsaya gaban Allah? In ban yi kuskure ba, to wane ne wancan mai keken?

Talata, 23 ga Satumba, da yamma

Na tuna wani abu ina yanka albasa. Shanuna sun haifi maruƙa uku a hannunsa, duk ya ce maza ne, aka sayar. Har na fara zarginsa, sai na tsaya na lissafa. Namiji ko mace, rabi da rabi. Rabin rabin rabi, ɗaya cikin takwas. Wannan ba abin mamaki ba ne, maƙwabciyata ma 'ya'yanta huɗu duk maza. Ban riƙe shi da wannan ba. Ina so a shaida cewa ba neman laifi nake ba, abin da bai kai ba na ajiye shi.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya ya zo.

Sakkwato za shi sayen maganin dabbobi, ya sauka ya gaishe mu. Ya kawo ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi da nono a jarka, kamar kullum. Ya rame kaɗan, furfura ta ƙaru a gemunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, na kawo abinci.

Ya ce, "Auta, mi anka koya maku can makaranta?"

Na ce ƙirge, Yaya.

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce shekara arba'in sai yanzu za a koya mini ƙirge, ai da na zo ya koya mini kyauta. Na yi dariya ni ma. Baban Sumayya ya tashi ya ce zai je masallaci, alhali da sauran lokaci.

Tambayar tana bakina tun shigowarsa har fitarsa. Na raka shi bakin titi. Na tambayi lafiyar Bilki, na tambayi ta yara, na tambayi gero ko ya nuna. Ya hau mota yana ɗaga mini hannu. Ƙwan suna nan, na kasa soyawa, na kasa bayarwa.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan azahar

Na koma aji. Samfuri aka yi, yadda ake ɗiban kaɗan don a san halin mai yawa. Malam ya ce kamar mai ɗanɗana fura ne, sai an dama sosai kafin a ɗiba, in ba haka ba nonon sama kaɗai za ka sha ka ce ba gari. Na miƙa aikin gida. Shekarun masu yankan kati na asibiti na tsara masa, ginshiƙai shida masu kyau. Ya duba ya ce ya ji kamar na ce shanu zan yi. Na ce na fasa. Ya sa hannu bai ƙara ba.

Talata, 30 ga Satumba, da dare

Na ɗauki hutun yini na je Horo Birni. Mota zuwa Shagari, kabu-kabu zuwa gida. Na ce kewar gida ce ta kawo ni, kuma akwai gaskiya a ciki.

Na jira shanu suka dawo kiwo. Wuri ɗaya ake ɗaure su, turke kusa da turke, bayan rumbuna. Kwatarniya ɗaya suke sha. Kyalla tana tsakanin nasa biyu, tana lasar wuyan ɗaya. Babu wani daban. Na tsaya ina neman daban har sauro ya kore ni.

Muna tankaɗe da Bilki na ce, wai Guntuwa da ta mutu an samu an yanka kuwa, ko mushe ta yi? Don na san gidanmu, in saniya ta kwanta ba tashi, wuƙa ake sa mata kafin rai ya fita, a raba nama har maƙwabta. Bilki ta ɗan yi tunani. Ta ce ita ba ta ga nama ba. Ta ce ai duk can daji suka mutu, nesa, shi kaɗai ke wurin, sai dai ya dawo da igiya a hannu ya faɗa musu. Duka huɗun? Ta ce duka. Sai ta daina tankaɗe ta dube ni, na ga abin ya gifta a fuskarta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da sauri.

Akwai sabon injin ban-ruwa a zaure, da kwano a kan ɗakin da na bari da jinka. Wannan ba hujja ba ce, yana noman albasa. Na rubuta ne kawai don na gani.

Da zan tafi ya cika mini buhu da sabon gero, ya ɗaura a bayan kabu-kabu da hannunsa.

Laraba, 1 ga Oktoba, da safe

Da ya tambaye ni da na ba shi. Wallahi da na ba shi duka biyar, in ƙara da awakina.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Abin da ke cina ke nan. Ba shanun ba. To, har da shanun, na Inna ne, Ja da hannunta take ba ta dussa. Amma ni ya kira da muryar kuka sau huɗu. Ni na riƙa lallashinsa, ina cewa kada ya sa a ransa, ba laifinsa ba ne. A ta Amarya har na aika masa da goro da turare don ya huce. Ya karɓa.

Ko wata matsala ce ta same shi da ya ji nauyin faɗa wa ƙanwa? Ban sani ba. Ko gani ya yi shi ke wahalar kiwo ni ina inuwa ina yankan kati? Ban sani ba. Ko kuwa yana ganin ya riga ya biya tun zamanin keke? In haka ne ya faɗa, ai bashin da ya fi shanu biyar nake ɗauke da shi. Babu wanda zan tambaya sai shi, shi kuwa tambayar kanta zagi ce.

Har yanzu akwai ɗaya cikin dubu biyar da wani abu. Ina riƙe da ita. A nan unguwar ma an yi matar da ta haifi 'yan uku.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Gwaji aka yi. Na fi kowa, har mai cingam ta ce Mama ki koya mini na tsakiya. Da a watan jiya ne da Yaya zan fara kira.

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Ya kira ina kan hanyar dawowa daga aiki. Gaisuwa, gero, yara. Sai ya yi ajiyar zuciya, wadda na sani.

"Auta, Kyalla kwana biyu ba ta kiwo sosai."

Na tsaya a bakin titi, masu kabu-kabu suna yi mini oda. Na ji bakina ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce amin.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Ita kaɗai ta rage daga hannun Inna.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Cire dabba daga garken ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Duk ƙauye zai ga motar, kowa zai san abin da ake nufi ko ba a faɗa ba. Baban Sumayya ya ce in yi tunani, in na ɗauko ta na ɗauko ke nan, ba a mayarwa. Na ce in na bar ta kuma, mako mai zuwa zan yi wa mutum ta'aziyyar abin da na san bai mutu ba, kuma daga ranar ba zan iya kallon fuskarsa ba har abada. Gara ya yi fushi da ni. Ya fita ya samo mai a-kori-kura, ya kuma kafa turke a bayan ɗakin girki.

Na shirya abin da zan ce. Zan ce likitan dabbobi zan kai ta a Bodinga tunda ba ta da lafiya. Zai ce shi ya fi likita sanin saniya. Zan ce na sani Yaya, hankalina ne bai kwanta ba. Zai ce zarginsa nake. Zai tashi, na san fushinsa, jijiyar goshinsa za ta fito, zai ce ni Bilyaminu, ni da na goya ki? Zai kira kawu, zai rantse, wataƙila ya ce kada in sake taka masa gida. Na shirya wa duk wannan. In ya yi haka zan durƙusa in ba shi haƙuri a gaban kowa, in dawo da motar ba kowa a ciki, in zubar da waken nan wa kaji. So nake ya yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun isa da hantsi, ba a fita da shanu ba tukuna. Ban sanar da zuwana ba. Yana tsugune yana gyaran igiya da motar ta tsaya a ƙofar gida.

Kyalla tana tsaye a turkenta tana cin harawa, kai ba ɗagawa. Gashinta yana sheƙi, hancinta da danshi. Ban iya kiwo ba, amma a gidan shanu aka haife ni. Na dube ta, na dube shi. Ya ga na dube ta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Ya kalli motar, ya kalli direba yana sauke katakon hawa. Na buɗe baki in fara maganar likita, ban kai ga furta ko kalma ba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nufi turke. Bilki ta fito da ludayi a hannu tana cewa lahiya, Hasiya, lahiya, ina za a da ita? Ya ce, "Bar ta." Bai ɗaga murya ba.

Shi ya kwance ta. Ya cire tsohuwar igiyar ya sa mata sabuwar da yake gyarawa. Ta ƙi hawa, ya dafa tozonta yana yi mata magana a kunne har ta hau. Ya ɗaure ta gefe biyu, ya ja ya ga ta yi ƙarfi. Maƙwabta sun fito suna kallo daga bakin darni, bai dubi kowa ba.

Na tsaya kusa da shi, na ba shi lokaci. Na gyara mayafi, na sake gyarawa. Na ce Yaya, za mu tafi. Ya ce, "Ba ta son dussa da ruwa da yawa. Ki riƙa sa mata kanwa kaɗan." Na ce to. Na jira. Ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Tun daga Horo Birni har Shagari wayar tana tafin hannuna. Daga Shagari har Bodinga ma. Na ce yanzu abin zai dawo masa, yanzu zai kira ya zage ni, ya ce wa ya ba ni wannan shawara, ya ce me ya yi mini. Mun sauke ta, ta sha ruwa, tana can bayan ɗakin girki tana kuka tana fuskantar hanyar da muka fito. Wayar tana nan gabana, da caji, da layi.

Bai tambaye ni dalili ba.